Shekarar da Aka Yi wa Safiya Hanya

Ummi da Nasiru, ku nake rubuta wa wannan wasiƙar, ba ƙanwarku Safiya ba. Ita ta san abin da ke jikinta, tana ganin tabon duk sanda za ta yi wanka. Kafin na ɗauki biro sai da na nemi izininta, domin sirrinta ne kafin ya zama labarina. Ta ɗago kai ta dube ni.

“Umma, ki rubuta. Amma kada ki rage komai don wani ya ji daɗi.”

To ba zan rage ba. Ranar sadakar bakwai ɗin babanku, Allah Ya jiƙansa, ina zaune a gefe cikin mata na ji wata gwaggonku tana yabonsa. Wai bawan Allah ne mai haƙuri, matarsa ta fari ta saci 'yarsa ta kai asibiti an farke mata ciki, ta dawo tana azabtar da ita da ƙarfe, amma bai taɓa ɗaga murya ba. Ku biyu kuna wurin, kun kuma san ina ji. Babu wanda ya ce uffan. Ban ga laifinku sosai ba, da abin da aka shayar da ku ke nan. Sai dai na tsufa, kuma ba na so a binne ni da wannan labarin a kaina.

A lokacin muna haya a Panshekara, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Ɗaya namu, ɗaya na kakarku Hajiya, wadda ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta. Babanku yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa, a sashen da ake jiƙa fatu cikin magani. In ya dawo, kafin ya yi sallama warin ya riga shi shigowa, ni kuwa har na daina jinsa. Ruwan da ke fitowa daga kamfanonin yana bi ta bayan unguwa, yau shuɗi, gobe baƙi, mun saba da shi kamar yadda muka saba da jiniyar canjin aiki. Ni kuma ina ɗanwake da safe. Gwauraye ma'aikata, 'yan Jigawa da 'yan Nijar da ke kwana biyar biyar a ɗaki, su ne masu miƙo kwanukansu ta ƙofar gida. Ba mu da yawa, amma ba mu rasa ba. Abu ɗaya ne babanku ba ya son ji. Akwai maganar da ma'aikata ke tsokanar juna da ita a motar kamfani, wai maganin jima yana shiga jinin namiji, ko ya kashe masa gaba ko ya sa ya haifi nakasasshe. Ban san gaskiyar wannan ba, daga baya ma likita ya ce mini babu wanda zai iya nuna dalilin abin da ya sami Safiya. Amma babanku yana tsoron maganar nan fiye da yadda yake tsoron injin da ya taɓa cinye wa abokinsa yatsu. Kuma a shekarar ana rade-radin za a ba shi heluma, shugaban ma'aikatan sashensu.

A gida na haifi Safiya, ungozoma ta yanke cibi ta tafi. Yarinya kyakkyawa, ta kama nono, ta yi baƙin kashin nan na farko, kowa ya ce barka. Haihuwar ta ba ni wuya, na daɗe ban miƙe ba, saboda haka Hajiya ce ke mata wanka da tsarki har muka yi arba'in. Ranar da na fara yi mata da kaina, da hantsi ne, rana ta hasko tsakar gida. Na kifa ta a cinyata ina wanke ta, sai na ga wurin da dubura ya kamata ta kasance a shafe yake sumul, sai ɗan lotsawa kamar an danna da yatsa. Na juya ta, na ga kashin ta gaba yake tsattsafowa, ta wata 'yar ƙofa daf da inda fitsari ke fita. Na rungume ta a jiƙe na shiga ɗakin Hajiya.

“Hajiya, ku duba mini yarinyar nan. Ba ta da dubura.”

Ko kallon wurin ba ta yi ba. Ta ci gaba da jan carbinta.

“Na gani tun kafin suna. Rufe ta. Tana ci, tana kashi, me kike nema kuma? Abin da Allah Ya rufe ba a tona shi.”

Kwana arba'in ta sani, tana ba ni kunun kanwa, tana mini sannu, ba ta faɗa mini ba. Da babanku ya dawo na tare shi da maganar. Na buɗe zanen in nuna masa, ya kau da kai kamar na nuna masa tsiraicin baƙuwa.

“A danginmu dai ba a taɓa yin irin wannan ba,” in ji shi.

“Malam, a namu ma ba a taɓa ba. Mu kai ta asibiti.”

“Ki bari tukuna.”

Ina so ku fahimci wannan da kyau, domin an gaya muku wai talauci ne ya hana shi. Ba talauci ba ne. Kamfaninsu yana da ɗakin shan magani, yana da katin iyalin ma'aikata, kuma in ciwo ya fi ƙarfinsu suna rubuta takarda a tura mutum babban asibiti. Amma takardar sai ta bi ta hannun akawu, akawun kuma shi ne sarkin tsokana a motar kamfani. Abin da ya tsaya tsakanin Safiya da likita ke nan, bakin mutum ɗaya a cikin mota.

Na bari, kamar yadda ya ce. Wannan laifina ne, kuma na ɗauka. Muddin tana kan nono zalla abin yana tafiya, domin kashin mai ruwa ne. Da ta kai wata bakwai ta fara koko da ɗan tuwo, sai komai ya rikice. Ta yi ta nishi har fuskarta ta yi ja, abin da zai fito bai wuce tsinken tsintsiya ba. Cikinta ya kumbura ya yi ƙyalli, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a kai. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana komawa, fitsarinta ya yi wari. Hajiya ta jiƙa wannan ta dafa wancan, ta yi tofi, ta goya ta ta zagaya tsakar gida da ita har ƙafafunta su kumbura. Ba zan ce ba ta son yarinyar ba, tana sonta. Da jiƙe-jiƙen suka gaza, sai ta aika aka kira wanzamin da ya cire muku beli. Ya zo ya tsuguna, ya danna wurin da babban yatsa.

“Ai wannan 'yar fata ce kawai ta rufe. Aska ɗaya ce, Hajiya. Jibi da sassafe zan zo, a tanadi ruwan zafi.”

Babanku ya amince, domin wanzami ba ya rubuta takarda. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na taɓa gyara kaza, na san abin da ke ƙarƙashin fata ba fanko ba ne. Washegari da safe, babanku ya dawo daga aikin dare yana wanke ƙafa a bakin rariya, na fito da Safiya a goye, da mayafina da 'yar jakata.

“Ina zuwa?”

“Asibiti, Malam. Ka yi haƙuri. Ba zan bari a sa mata aska a tsakar gida ba.”

Ya ajiye butar. Bai ɗaga murya ba, wannan kam gwaggonku ta yi gaskiya.

“In kika tsallake ƙofar nan da yarinyar nan, a bakin aurenki.”

Ummi, kina zaune a kan turmi kina shan koko, shekararki bakwai. Nasiru yana barci. Na dube ki, na ji zafin jikin Safiya a bayana kamar na goya tukunya. Na ce, “To, Malam,” na tsallake.

Dakata na nufa, wurin yayana Haruna, kawunku, wanda ke tuƙa babbar mota yana ɗaukar kaya daga rumbunan ajiyar da ke can. Na same shi ana masa lodi. Da ya ga cikin yarinyar bai tambaye ni komai ba, ya miƙa makulli ga abokin aikinsa, ya tare mana tasi. A babban asibiti aka yi ta tura mu daga wannan layi zuwa wancan, har muka isa gaban likitan da ke yi wa yara tiyata, wani siririn mutum mai furfura a gefen kai. Shi ne mutum na farko da ya dubi wurin bai kau da kai ba. Ya juya bayan katinmu ya zana mini. Ya ce tun tana ciki, ƙarshen hanjinta ya sauko amma ya ɓata hanya, maimakon ya fito ta baya sai ya karkata ya ɓullo ta gaba. Ya ce ba kasafai ake gani ba, amma ba Safiya ce ta farko ba, kuma ana gyarawa. Ya ce irin yaran nan wani lokaci abin yakan taɓa ƙoda ko mafitsara ko zuciya ko ƙashin baya, don haka sai an duba duka. Aka ɗauki hotuna, aka ɗebi jini da fitsari. Zuciya lafiya, baya lafiya, amma ƙodar hagu ta ɗan kumbura saboda fitsari yana komawa sama, ga kuma ƙazantar da ke shiga ta gaba tana sa mata zazzaɓi. Ya ce aiki uku za a yi. Na farko a buɗe wa hanji ƙofa a gefen ciki don ta huta. Na biyu a yi mata hanya a inda ya kamata. Na uku a rufe ƙofar cikin. Sannan ya ɗauko takardar sa hannu ya dubi bayanmu.

“Ina mahaifinta?”

“Yana wurin aiki, likita,” in ji Yaya Haruna.

“Ba za mu iya jiran ya tashi daga aiki ba. Hajiya, za ki sa hannu?”

Na sa. Wannan ita ce satar da aka ce na yi.

Da aka fito da ita aka buɗe audugar, na ga wani jan nama a gefen cikinta na hagu, yana sheƙi, kashi yana fitowa ta nan. Sai na zauna a ƙasa. Sistar ɗakin, wata Bazazzagiya mai faɗa, ta ɗago ni da hannu ɗaya.

“Tashi, baiwar Allah. Ke za ki riƙa wanke shi, ba ni ba. Dubi fuskarta, ki bar kallon cikin.”

Na dubi fuskarta. Tana barci, bakinta a buɗe, irin barcin da rabonta da shi wata biyu. Cikin ya sace. Bayan kwana uku ta cinye kofin koko tana neman ƙari.

Da aka sallame mu, Yaya Haruna da limamin unguwa suka je suka sami babanku, ya mayar da ni tun ban gama idda ba. Na koma saboda ku. Shekarar da ta biyo baya ita ce ba na son tunawa. Akwai wata leda ta musamman da ake mannawa a irin wannan ƙofar, amma ba a samunta sai an dace, don haka zannuwana na yayyanka. In shafa basilin a gefen wurin, in ɗora tsumma, in ɗaure da wani. Kafin in gama wanke na safe, na hantsi ya ɓaci. Fatar wurin ta saɓule ta yi ja, in ruwa ya taɓa sai ta ƙanƙame ni. Babanku ya hana a shanya tsummokaran a tsakar gida kada maƙwabta su gani, sai na ɗaura igiya a cikin ɗaki, muna kwana a ƙarƙashinsu. Shi kuwa ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure. Ya daina cin abin da na dafa, sai na Hajiya. Tun daga ranar da muka dawo har ranar da na bar gidan, hannunsa bai taɓa jikin yarinyar nan ba. Kuma duk ɓoyon bai hana komai ba, a unguwar da katanga ba ta kai kafaɗa ba me zai ɓoyu? Kwanukan ɗanwake suka fara raguwa, daga goma sha zuwa uku, daga uku zuwa ɗaya. Na ƙarshen wani dattijo ne ɗan Maraɗi, shi ne ya yi mini mutuncin faɗin gaskiya ta bayan ƙofa.

“Uwar gida, ki yafe mana. Mun san kina da tsafta. Rai ne kawai ba ya so.”

A cikin shekarar aka ba babanku heluman. Abokan aikinsa suka zo taya murna ran wata Lahadi, aka shimfiɗa tabarmi, aka sayo lemo. Ya leƙo ya ce in zauna a ɗaki da ita har su watse. A ranar Safiya ta fara tafiya. Ta saki bakin gado ta yi taku uku zuwa wurina, tsumma ɗaure a cikinta, tana dariya. Na buɗe baki zan yi guɗa, sai na tuna, na rufe. Ina jin su a waje suna ce masa Allah Ya sa alheri.

Aiki na biyu shi ne babba. Yaya Haruna ya ɗauki nauyinsa kamar na farko, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da zancen ba. Sun daɗe a ciki, tun hantsi har bayan azahar. Da likitan ya fito ya zauna kusa da ni a kan benci, ya ce akwai wani zoben nama a ƙarƙashin fatar wurin, shi ne ke riƙe wa mutum bayan gida har ya kai ban-ɗaki. Ya ce suna da wata 'yar na'ura da suke taɓa fatar da ita, naman ya tsuke, su gane tsakiyarsa, a nan suke bi da hanjin. Na ba shi labarin wanzami. Sai ya ce:

“Da ya sa askar nan, da naman zai yanke. Da ko ta rayu, har ta mutu ba za ta riƙe kashi ba.”

Bayan mako biyu sistar nan ta kira ni ta buɗe wani ɗan akwati. A ciki akwai ƙarafa santala-santala, masu santsi, marasa kaifi, daga mai kaurin ƙaramin yatsa zuwa wanda ya fi shi. Ta ce sabuwar hanyar rauni ce, rauni kuwa so yake ya haɗe, kamar hujin kunne in an cire ɗan kunne. Safe da yamma sai in shafa wa ƙarfen mai, in sa a hankali, in ɗan riƙe, in zare. Duk mako a ƙara girma. In na yi sakaci hanyar ta tsuke, aikin ya ɓaci. Ta koya mini har na iya, likita kuma ya rubuta bayanin a takarda ya buga hatimi, ya ce in kai wa maigida. Na kai masa. Babanku ya yi boko fiye da ni. A zaure ya karanta ta, a gabana, daga sama har ƙasa, ya ninke ya miƙo mini.

“Ki yi abin da za ki yi. Kada dai in ji, kada in gani.”

Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya sa. Ni ba ni da na biyu. Sai in jira ku tafi makaranta, Hajiya ta shiga maƙwabta, in sauke labule, in danne ƙafafunta da gwiwoyina, in yi bisimilla. Tana ihu, tana kiran Umma, ni ce kuma mai yi mata. Wanda bai yi wannan ba kada ya koya mini mene ne tausayi. Ran wata Laraba da la'asar aka tashe ku da wuri daga Islamiyya saboda an yi wa malaminku rasuwa. Ummi, kika ɗaga labule kika gan ni a kanta, ƙarfe a hannuna, da ɗan jini a tsumma. Kika ƙwalla ƙara kika fita da gudu.

“Hajiya! Hajiya! Umma za ta kashe Safiya!”

Kafin in ɗaura mata zane gida ya cika. Hajiya ta fizge yarinyar, matan maƙwabta suna salati, wata tana cewa dama tun da ta dawo daga asibitin nan ba daidai take ba. Ina ta bayani ba mai ji. Ana cikin haka babanku ya shigo daga aiki, da sabuwar rigarsa ta heluma. Wallahi da na gan shi sanyi na ji. Na ɗauko takardar na miƙa masa a gaban kowa.

“Malam, gaya musu. Ka karanta ta. Gaya musu likita ne ya ce.”

Ya dubi takardar, ya dubi uwarsa, ya dubi matan abokan aikinsa da suka cika tsakar gida.

“Ni ban san da wannan ba.”

Kalma shida. Na ƙirga su sau da yawa a rayuwata. Kafin magariba ya rubuta mini tawa takardar, ta saki. Hajiya kuwa ta kwashi akwatin ƙarafan ta zuba a masai. Safiya kaɗai aka bar mini, domin babu mai son wankin tsumma. Sai da na yi kwana huɗu kafin sistar ta samo mini wasu, a lokacin hanyar ta tsuke, dole muka koma kan ƙaramin ƙarfe muka faro daga farko. Wata guda na kukan yarinyar nan ya tafi a banza. A Dakata matar Yaya Haruna ce ta riƙa riƙe mini ita, tana kuka ina kuka.

Yanzu ga wurin da ba zan kare kaina ba. Yaya Haruna ya ce mu je kotu, alƙali zai ba ni ku, domin riƙon ƙananan yara na uwa ne. Na ƙi. In na je, sai na tsaya a gaban jama'a na kwance wa Safiya zane da bakina, an rubuta a littafi. Kuma ɗaki ɗaya aka ba ni, rabin kwanakina a asibiti nake yi. Na auna, na ga ku kuna da lafiya, kuna da uba da kaka, ita kuwa ba ta da kowa. Na zaɓe ta. In an ce muku uwarku ta bar ku, wannan gaskiya ne. Nasiru, an ce ka yi wata uku kana zama a bakin ƙofa da la'asar. Ban manta ba, kuma ba na neman ka ce ba komai.

Bayan wata biyar aka yi aiki na uku, aka rufe cikin. Kwana uku muna jira, ran na huɗu da hantsi ta yi nishi kaɗan, na buɗe ƙunzugu na ga kashi ya fito ta inda yake fito wa kowa. Na ɗauki tsumman nan na bi gado gado ina nuna wa matan ɗakin kamar wadda aka ba kujerar Makka, su kuma suna mini barka, domin kowace a cikinsu ta san darajarsa. Ba a nan wahalar ta ƙare ba. Gindinta ya yi wata biyu a saɓule saboda fatar ba ta saba ba. Ta yi shekaru tana shan maganin ƙoda kafin ta daidaita. Har yau sai ta kula da abin da take ci, kuma a firamare akwai ranakun da ta dawo da ɗan kamfai a ɓace tana ɓoye fuska. Ni kuma na sami aikin ɗinkin buhu a wani kamfani a Bompai, na yi shekara goma sha tara a kan keke har idona ya gaza. Sau biyu a shekara ake kawo mini ku, da Sallah, ku zauna a bakin tabarma kamar baƙi, Ummi tana bin hannuna da kallo.

Hajiya ta aiko a kira ni a ciwonta na ajali. Ta riƙe hannuna ta ce tana da ɗa kafin babanku, an shiga da shi ɗakin tiyata yana shekara biyar ba a fito da shi da rai ba, tun daga nan in ta ji an ce asibiti sai ta ga likkafani. Ta ce in yafe mata. Na yafe mata har zuciyata, domin ita ba ta sani ba, tsoro ne ya yi mata jagora. Babanku kuwa ya sani. Ya rayu shekara talatin bayan rabuwarmu, ya yi wa Safiya walicci ranar aurenta, ya tsaya a ƙofar masallaci ana ba shi hannu ana cewa ya iya tarbiyya. Ko sau ɗaya bai kira ku ya ce takardar nan na karanta ta ba. Na san abin da malamai ke faɗa a kan yafe wa mamaci, kuma ina roƙon Allah Ya kai zuciyata can kafin tawa ta zo. Ba ta kai ba tukuna, ba kuma zan yi muku ƙarya ba.

Ummi, ranar da kika haifi 'yarki ta fari na taso tun daga Dakata da garin kunu da sabulun salo da sabon baho. Na ɗora ruwa, na sirka, na gwada da gwiwar hannu. Da na miƙa hannu zan ɗauke ta, sai kika janye ta zuwa ƙirjinki. Ba ki ma san kin yi ba.

“Umma, ki huta. Gwaggo za ta yi mata.”

Na ce to. Na zauna a bakin gado ina kallo wata ta yi wa jikata wankan fari a bahon da na sayo. Da aka gama aka naɗe ta, kunyar idon mutane ta sa kika miƙo mini ita, kina tsaye a kaina ba ki matsa ba. Na yi mata addu'a. Sannan na kwance zanen, na kifa ta a tafin hannuna, na matsa kusa da taga na duba. Na ji numfashinki ya tsaya. Komai nata yana inda ya kamata. Na mayar da zanen, na miƙa miki abarki, na ce Allah Ya raya. Abin da nake dubawa ke nan a ranar, tunda ba ki tambaya ba.